Fitilar ABS a motocin jif: Yadda ake gano inda matsalar take

Daga cikin fitilun gargaɗin da ke kan allon gaban direba, da wuya a samu wadda masu motocin jif da a-kori-kura suka fi yi wa riƙon sakainar kashi kamar 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke ɗauke da haruffan ABS.

Dalili kuwa shi ne, ko ta kama mota ba ta tsayawa. Injin na aiki, birki na ci, don haka sai direba ya ci gaba da harkokinsa, wani har shekara ta zagayo.

Sai dai abin da fitilar ke nufi shi ne, kwamfutar da ke hana tayoyi cijewa a lokacin birkin gaggawa ta ga abin da ba ta gamsu da shi ba, ta kuma janye hannunta. Daga wannan lokaci, idan aka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, tayoyin na iya daina juyawa su riƙa jan ƙasa. Taya da ta daina juyawa kuwa ba ta jin umarnin sitiyari, ko ina aka karkata shi motar za ta ci gaba da zarcewa inda ta dosa.

A mota mai tsawo da nauyi irin Land Cruiser ko Hilux da aka yi wa lodi, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Yadda tsarin ke aiki

Jiragen sama ne suka fara cin moriyar wannan dabara. A cikin shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Birtaniya ya ƙera wata na'ura mai suna Maxaret domin hana tayoyin jirgi zamewa yayin sauka. A 1966 aka sanya ta a wata motar Ingila mai suna Jensen FF, wadda ita ma, abin sha'awa, mai jan ƙafa huɗu ce. Amma tsarin lantarkin da ya zama ruwan dare a yau ya samo asali ne daga wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fitar tare da Mercedes-Benz a 1978.

Tsarin bai da sarƙaƙiya kamar yadda ake zato. A gindin kowace taya akwai wata 'yar na'ura da kanikawa ke kira sensa, tana fuskantar wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da tayar. Duk haƙorin da ya gifta, sai ta aika wa kwamfuta sako, ta haka kwamfutar ke sanin gudun kowace taya.

Idan aka taka birki sai wata taya ta rage gudu fiye da sauran, alamar tana shirin cijewa ke nan. Nan take kwamfutar za ta umarci wani akwati mai ɗauke da bawul-bawul da ƙaramin famfo ya sassauta matsin man birkin da ke zuwa wa wannan taya, sannan ya mayar da shi. Ana yin haka sau da dama cikin daƙiƙa guda, har kusan sau 15 a wasu motocin. Wannan ne ke sa direba ya ji birkin na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ba alamar lalacewa ba ce.

Abin lura a nan shi ne, kwamfutar ba ta ganin hanya. Abin da sensa huɗun nan suka gaya mata kawai ta sani. Da zarar ɗaya ta yi shiru, ko ta kawo labarin da ya saɓa wa na 'yan uwanta, kwamfutar ta gwammace ta dakatar da aikin baki ɗaya a kan ta yi aiki da bayanin da ba ta amince da shi ba.

Ba kowace kamawa ce matsala ba

A nan ne motoci masu jan ƙafa huɗu suka bambanta da ƙananan motoci, kuma a nan ne mutane da yawa ke kashe kuɗi a banza.

Da farko dai, duk lokacin da aka murɗa makulli fitilar za ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Gwaji ne motar ke yi wa kanta. A wasu tsofaffin motocin Land Rover ma ba ta mutuwa sai an fara tafiya an kai gudun kimanin kilomita 7 cikin sa'a, domin sai a lokacin kwamfutar ke jin muryar kowace sensa.

Na biyu, irin waɗannan motoci na da wani maɓalli da ke kulle tayoyi su riƙa juyawa tare, domin fita daga taɓo ko rairayi. Idan aka ɗaure tayoyi wuri guda haka, ba zai yiwu a sassauta wa ɗaya birki a bar ɗaya ba, don haka kamfanoni suka tsara cewa ABS ya kashe kansa. A Land Cruiser samfurin 80 mai ABS, wadda aka yi a shekarun 1990, fitilar na kamawa da zarar an kulle tsakiya, kuma sanya motar a ƙaramar giyar nan mai alamar L na kulle tsakiyar da kansa. Haka zalika a motocin Toyota da dama masu makullin tayoyin baya, fitilar ABS na kasancewa a kunne muddin makullin na aiki.

Saboda haka, tambayar farko ga wanda ya dawo daga ƙauye ya ga fitila ta kama ita ce: shin an sake makullin kuwa? Wani lokaci an danna maɓallin amma haƙoran ba su rabu ba, sai an ɗan ja baya ko an yi tafiya kaɗan. Wani lokaci kuma sun rabu, amma ɗan makunnin da ke sanar da kwamfuta hakan ya maƙale saboda laka ko tsatsa. Wannan makunni ba shi da tsada, amma yakan sa a zargi akwatin ABS da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Idan jar fitila ta biyo baya

Akwai bambanci mai girma tsakanin fitilar ABS ita kaɗai da kuma lokacin da ta kama tare da jar fitilar birki.

Idan ita kaɗai ce, birki na yau da kullum na nan, ana iya tuƙa motar a hankali zuwa gareji. Amma idan jar ta kama alhali an sauke birkin hannu, to ko dai man birki ya yi ƙasa, ko kuma sashen da ke daidaita ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ya daina aiki. A a-kori-kurar da ba ta ɗauke da kaya, bayanta ba shi da nauyi, tayoyin baya na iya riga na gaba cijewa, motar ta juya da mutum.

Lamarin ya fi tsanani a Land Cruiser samfurin 100, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2007, da wasu motocin Prado da Pajero. A yawancinsu ba iskar injin ce ke taimaka wa ƙafar direba wajen taka birki ba, wani famfon lantarki ne ke tara matsin mai a cikin wata 'yar tukunya, kuma duk suna haɗe da akwatin ABS. Idan famfon ya gaza, fitilu za su kama, wata ƙara mai tsawo ta biyo baya. Matsin da ya rage na 'yan takawa ne kawai, bayan nan birkin zai yi tauri, tsayar da mota mai nauyin sama da tan biyu ya koma kan ƙarfin ƙafa.

Duk wanda ya ji wannan ƙara, abin da ya dace shi ne ya nemi gefen hanya ya tsaya.

Daga mai sauƙi ake farawa

Kafin a kwance komai, akwai abubuwan da mai mota zai iya dubawa da kansa.

Batir ne kan gaba. Kwamfutar ABS ba ta jure ƙarancin wuta. Lafiyayyen batir na nuna kimanin bolt 12.6 idan injin na kashe, da kuma tsakanin 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. Batir da ya tsufa, ko kan batir da ya yi gishiri, ko altanetar da ba ta caji sosai, kowanne na iya kunna fitilar. Idan ta saba kamawa da sanyin safiya bayan injin ya tashi da ƙyar, sannan ta mutu idan aka kashe aka sake tayarwa, to a fara zargin wuta.

Sai fiyus, wanda galibi ya fi ɗaya, da matakin man birki, da kuma fitilun birki na baya, domin makunnin da ke kunna su shi ne ke gaya wa kwamfuta cewa an taka birki.

Sai kuma tayoyi. Mota ta yi faci a hanya, aka sa safaya mai girma daban, ko aka sayi tayoyi biyu manya aka bar biyu ƙanana. Ƙaramar taya ta fi babba yawan juyawa a tafiya ɗaya, ita kuwa kwamfuta sai ta ɗauka wata sensa ce ke ƙarya. A mota mai jan ƙafa huɗu a kodayaushe, wannan ganganci ba ABS kaɗai yake ruɗawa ba, har haƙoran da ke raba ƙarfin injin yake gajiyarwa.

Yana da kyau kuma a lura da lokacin da fitilar ke kamawa. Idan tun daga murɗa makulli ba ta mutuwa, mai yiwuwa waya ce ta tsinke, ko fiyus, ko ita kanta kwamfutar. Idan ta mutu sannan ta dawo bayan an fara tafiya, wutar na isa, saƙon gudun ne bai yi daidai ba. Idan kuwa sai an faɗa rami ko an karya kwana take kamawa, to akwai wayar da ta karye a cikin robarta, tana haɗuwa tana rabuwa.

A tambayi motar da kanta

Kwamfutar ba ta kunna fitila ba tare da ta rubuta dalili ba. Tana adana shi a matsayin lamba, kuma karanta wannan lamba shi ne bambancin gyara da lalube cikin duhu.

Tun daga 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasar wata kafar bincike mai ramuka 16, wadda ke ƙarƙashin sitiyari, Turai kuma ta bi sahu a farkon shekarun 2000. A nan ake jona na'urar bincike. Sai dai ƙananan na'urori masu araha da yawa matsalolin injin kawai suke karantawa, wato lambobin da suka fara da harafin P. Na birki da harafin C suke farawa. Don haka idan aka jona na'ura ta ce babu komai alhali ga fitila na ci, ba motar ce lafiya lau ba, na'urar ce ba ta jin yaren.

A motocin Toyota da dama, C0200 na nufin sensa ta gaban dama, C0205 gaban hagu, C0210 bayan dama, C0215 kuma bayan hagu. C1241 na nuni da matsalar ƙarfin wuta. Wasu kamfanonin na amfani da C0035 zuwa C0050 ga tayoyin huɗu.

Da yawa daga cikin motocin Toyota na shekarun 1990 da 2000 na iya faɗin lambar ko babu na'ura. Idan aka haɗa rami na 4 da na 13 a kafar binciken da 'yar waya, aka murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba, fitilar ABS za ta fara ƙyaftawa. Ƙyaftawa uku, ɗan shiru, sannan ɗaya, shi ne 31, wato gaban dama. Haka 32 da 33 da 34 ke bin sauran tayoyin. Idan ƙyaftawar ba ta yankewa, babu wata matsala da aka adana. Amma aiki ne na mai natsuwa, domin rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuma kuskuren rami na iya ƙona abin da ya fi wanda ake nema tsada.

Wani abu da ya kamata a fahimta shi ne, lambar ba ta cewa sensa ta mutu. Cewa take yi saƙon da ke zuwa daga wannan taya bai yi daidai ba. Tsakanin tayar da kwamfuta kuwa akwai zobe, da tazara, da waya mai tsawo, da mahaɗai.

Abin da ke gindin taya

A nan akasarin matsalolin suke, kuma ba abin mamaki ba ne idan aka dubi inda ake kai waɗannan motoci: burji mai girgiza, kwazazzabai, gonaki, da rafukan da ake ƙetarawa da damina.

A ɗaga motar, a cire tayar, a bi wayar sensa da ido da hannu tun daga tushe. Kara ko dutse na iya fizge ta. Bakaniken da ya canza shokozoba na iya mantawa bai mayar da ita maƙalinta ba, ta riƙa gogar taya. A motocin da aka ƙara wa tsawo, wayar kan yi gajarta, ta riƙa miƙewa duk lokacin da ƙafar ta sauka. A buɗe mahaɗin a duba ko ruwa ya shiga ya bar kore-kore.

Ita kanta sensa iri biyu ce, kuma rashin sanin wannan na jawo asara. Tsohuwar ƙira maganaɗisu ce da aka naɗe da siririyar waya, ita ke samar da 'yar wutarta idan haƙora na giftawa. Ana iya auna ta da mita, galibi tana nuna tsakanin om 1,000 zuwa 2,000, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a kwatanta ta da 'yar uwarta ta ɗaya gefen. Da yake maganaɗisu ce, tana tara garin ƙarfe a bakinta, wani lokaci gogewa kawai take buƙata.

Sabuwar ƙira kuwa daga kwamfuta take karɓar wuta, kuma auna ta kamar tsohuwar ba ya nuna komai, yana ma iya lalata ta. Hanyar gwada ta ita ce a jona na'urar bincike, a tuƙa motar a hankali, a kalli gudun tayoyin huɗu a lokaci guda. Wadda ke faɗuwa zuwa sifiri ko take tsalle-tsalle, ita ce mai laifi.

Sai batun boris. Idan boris ɗin taya ya ci, tayar na lilo, tazarar da ke tsakanin sensa da zobe na canzawa. Sau da yawa fitilar ABS ce ke fara tona asirin boris tun kafin a fara jin kukansa. A motoci da dama na baya-bayan nan ma babu zobe mai haƙora, an saka maganaɗisun ne a jikin murfin boris ɗin, a fuska ɗaya kawai. Idan aka ɗaura shi a juye, ko aka sayo wanda ba shi da maganaɗisun, fitila za ta kama tun kafin a fita daga gareji. Duk fitilar da ta kama bayan wani gyara, a koma kan wannan gyaran.

Tsatsa ma na da nata. Takan taru a ƙarƙashin mazaunin sensa ta ɗaga ta sama kaɗan, saƙon ya yi rauni. Alamarta ita ce birki ya riƙa karkarwa daidai lokacin da mota ke dab da tsayawa a kan busasshiyar hanya, sau da yawa ba tare da fitila ta kama ba. A 2005 kamfanin General Motors ya janye manyan motoci kimanin dubu 800 a jihohin arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a kan hanya lokacin hunturu, saboda irin wannan matsala. Motocin hannu da ke fitowa daga waɗannan yankuna da Kanada kan iso Afirka ta Yamma da tsatsarsu.

Aminai uku

Babu motar da ta yi suna a wannan fanni kamar Land Rover Discovery ta biyu, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2004. Fitilu uku ne ke kamawa tare: ta ABS, da ta hana taya zamewa wajen tashi, da ta taimakon gangara. Masu motar sun saba da su har suka laƙaba musu sunan aminai uku.

Duka ukun da akwati ɗaya suke aiki, ƙirar kamfanin Wabco, shi ya sa ciwon ɗaya ke kwantar da sauran. Wani lokaci sensa ce ko boris. Amma sanannen mai laifin shi ne wasu ƙananan makunnai da ke ƙarƙashin akwatin, masu sanar da kwamfuta motsin man birki. Ko dai mai ya ɗiga ya jiƙa su, ko dalmar da ta haɗa wayoyinsu ta tsage. Ana iya canza makunnan su kaɗai, ko a ja musu sabuwar waya ta waje, ba sai an sayi akwatin gaba ɗaya ba.

Ga wannan mota lamarin ya wuce na birki. Yawancinsu sun fito ba tare da sandar kulle tsakiya ba, sun dogara ne da wannan tsari wajen fita daga taɓo. Idan aminan suka kama, taya ɗaya na iya yin ta juyawa a banza motar na nan zaune.

Fitilar da ba ta kamawa sam

Mai shirin sayen motar hannu ya kamata ya fi tsoron fitilar da ba ta kamawa a kan wadda ta kama. Akwai masu cire ƙwan, ko su rufe shi da baƙin salatif ta ciki, ko su jona shi da fitilar man injin domin su mutu tare. Gwajin ba shi da wuya: a murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba. Ya kamata fitilar ABS ta kama, kuma a yawancin motoci ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu, alhali ta man injin na nan a kunne. A Birtaniya, motar da fitilarta ta ABS ke nuna matsala ba ta tsallake binciken shekara-shekara.

Akwai kuma direbobin da ke cire fiyus da gangan, suna cewa ABS ba ya tsayar da mota a kan burji. Maganarsu na da ƙanshin gaskiya, domin a kan tsakuwa da rairayi tayar da ta cije kan tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri. Amma motar da ta bar burji za ta hau kwalta, fiyus ɗin kuwa na aljihu.

Shi akwatin ABS da kwamfutarsa su ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, bayan an tabbatar wuta na isa gare su kuma wayar da ta haɗa su da jikin mota ba ta yi tsatsa ba. Tsohon man birki da ya sha ruwa na cinye bawul-bawul ɗin ta ciki, shi ya sa kamfanoni da dama ke ba da shawarar canza shi duk bayan shekara biyu, da irin da aka rubuta a murfin, galibi DOT 3 ko DOT 4. DOT 5 bai dace da ABS ba. Idan har ta kai ga canza akwatin, dole lambarsa ta yi daidai da ta motar, domin na mai jan ƙafa biyu da na mai huɗu kan yi kama a ido amma lissafinsu ya bambanta, kuma fitar da iskar da ta shiga cikinsa a motoci da yawa sai da na'urar bincike.

Bayan kowane gyara sai a goge tsohuwar lambar, a tuƙa motar ta wuce kilomita 30 zuwa 40 cikin sa'a, a kashe a sake tayarwa. Idan fitilar ba ta dawo ba, a nemi fili mai tsakuwa da babu mutane ko dabbobi, a taka birki da ƙarfi a ƙaramin gudu. Ya kamata a ji karkarwar a ƙafa, sitiyari kuma ya ci gaba da juya motar.